Kwana biyu a Akompon, ƙauyen bayin da suka ƙi bauta

Shekara 95 kafin Ingila ta soke bauta a tsibirin Jamaika, wasu baƙaƙen fata da suka tsere daga gonakin rake sun tilasta wa gwamnatin Turawan mulkin mallaka ta zauna da su a yi sulhu. A 1739 aka yi haka. Sojojin Ingila sun shafe fiye da shekara goma suna bin su a cikin duwatsu ba tare da sun ga bayansu ba. Da suka gaji, gwamnan tsibirin ya aika aka rubuta yarjejeniya, aka amince cewa waɗannan mutane 'yantattu ne, su da zuriyarsu.

Jikokinsu suna nan har gobe a kan dutsensu. Ana kiran su Marun, kuma ƙauyensu da ya rage a yammacin tsibirin shi ne Akompon. Mu tara muka je, ɗalibai takwas daga sashen tarihi da malaminmu, a cikin wani shirin musayar ɗalibai da ya kai mu Kinston, babban birnin ƙasar, na tsawon mako uku. Kwana biyu kacal muka yi a ƙauyen, a farkon watan Janairu, amma gardamar da muka sauko da ita daga can har yau ba mu rufe ta ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku ita, ƙannenmu, ku ma ku sa baki.

Ga wanda bai buɗe taswira ba tukuna, Jamaika tana cikin tekun Karibiyan ne, kudu da Kyuba. Faɗinta ya ɗara rabin jihar Kano da kaɗan, mutanenta kuma ba su cika miliyan uku ba. Daga Kinston zuwa Akompon mun yi kusan awa huɗu a mota, direba yana bin hannun hagu kamar yadda ake yi a Ingila. Mun ratsa garin Mandebil, muka gangara wani kwari mai cike da rake, muka wuce ɗan garin Magoti a gundumar Sent Elizabet. Daga nan hanya ta tsuke, ta fara nannaɗe dutse kamar rawani. In mota biyu suka yi kiciɓis, dole ɗaya ta raɓe.

Da muka kai wani tudu, Malam ya sa direba ya tsaya, ya ce mu fito mu kalli ƙasar, don wanda bai gan ta ba ba zai fahimci yaƙin da aka yi a cikinta ba. Ku ɗauki kiret ɗin ƙwai ku shafa masa koren fenti, to haka wurin yake: tudu, rami, tudu, rami, iyakar ganin ido, ko'ina daji ya rufe. Dutsen wurin irin wanda ake siminti da shi ne, ruwan sama yana cin sa a hankali. Shekaru aru-aru ruwa ya yi ta ƙwaƙule shi har ya bar ramuka masu zurfi da koguna a ƙarƙashin ƙasa. Baƙo zai iya galabaita da ƙishirwa alhali rafi yana gudu a ƙasan ƙafarsa. Turawa sun kira yankin Kokfit, domin ramukan sun yi musu kama da wurin da suke haɗa zakaru faɗa. Wani ɓangarensa kuma har yau sunansa yana nufin "waiwaya baya". Ana ba da labari cewa sojoji bibbiyu suke hawa doki ɗaya, ɗaya ya fuskanci gaba ɗaya baya, saboda tsoron kwanton ɓauna.

Yadda mutane suka shiga wannan daji kuwa, ga shi a taƙaice. Kolombus ya iso tsibirin a 1494, Sifaniyawa suka mamaye shi, cututtuka da aikin dole suka kusa ƙarar da 'yan asalin wurin, wato Taino. Sai aka fara kawo bayi daga Afirka. A 1655 Ingila ta ƙwace tsibirin, kuma a cikin wannan hargitsi bayin Sifaniyawa da dama suka haye duwatsu. Ingila ta mayar da Jamaika gonar sukari, ta yi ta jigilar mutane har aka sauke kusan miliyan ɗaya a tsibirin kafin a daina cinikin. Duk wanda ya samu kafa ya sulale, duwatsu yake nufa. Kalmar Marun ta samo asali ne daga wata kalmar Sifaniyanci da ake kiran dabbar gida da ita idan ta ɓalle ta shiga daji. Da zagi aka fara, su kuma suka riƙe sunan suka mayar da shi abin alfahari.

Akompon ƙaramin ƙauye ne. Gidajen bulo ne masu rufin kwano, an shafe su da fenti kala-kala, sun warwatsu a kan gangare. Akwai makarantar firamare, da coci, da ɗan ɗakin adana kayan tarihi, da wani gini da aka yi don tunawa da Kojo, jagoran da ya yi sulhun 1739. Awaki suna yawo kamar a kowane ƙauye namu. A bayan gidaje doya ce da ayaba da gwaza. Mun tarar ana ta share hanya da kafa rumfuna, domin saura kwana uku a yi bikinsu na shekara, wanda suke yi kowace ranar 6 ga Janairu don tunawa da Kojo da nasarar kakanninsu.

Wanda aka haɗa mu da shi ya zaga da mu dattijo ne mai furfura, sanye da takalmin roba, adda a hannu. Mun tambaye shi ko za mu iya kiransa Baba kamar yadda muke yi a gida, ya yi dariya ya ce ya yarda. Yana fara jero sunayen jagororinsu na farko, Kojo, Akompon, Kofi, Kwaku, sai wani abokinmu da ya tashi a zangon Kumasi ya dafe kai. Ya ce ai waɗannan sunayen maƙwabtansu ne. A wurin Akan na ƙasar Gana, Kojo shi ne wanda aka haifa ranar Litinin, Kofi ranar Juma'a, Kwaku ranar Laraba. Wato Ɗanliti da Ɗanjuma da Balarabe ke nan. Akompon kuwa shi ne Achampon, sunan da har yau ake ji a Asante. Yawancin jagororin nan daga gaɓar tekun Gana aka kwaso su ko iyayensu, sun rasa gari da dangi, amma ranar haihuwa ta tsallako teku tare da su.

Abinci ma ya yi mana irin wannan maraba. Matar gidan da muka sauka ta kawo mana wani jan abin sha mai ƙamshin citta. Kurɓa ɗaya muka kalli juna: zoɓo ne. A can abin shan lokacin Kirsimeti ne, wasu suna zuba masa giya, amma ta ware mana namu tun kafin mu yi magana. Ta nuna mana busasshen goro, wanda suke kira bisi, suna gurzawa su dafa a sha don ciwon ciki. Da yake naman alade ne babban abincin bikinsu, kuma an gaya mata ba ma ci, sai ta dafa mana doya da kifi mai gishiri haɗe da wani ɗan itace mai suna aki, wanda idan ya dahu sai ka rantse soyayyen ƙwai ne. Shi ne abincin da duk Jamaika take tutiya da shi. Baba ya kai mu gindin bishiyar, ya gargaɗe mu cewa ba a taɓa ɗan sai ya buɗe da kansa, domin ɗanyensa guba ne. Malam ya daɗe yana kallon bishiyar. Ya ce daga Afirka ta Yamma aka kawo ta, kuma fataken Hausa na da suna kiranta gwanja kusa. Ku riƙe wannan suna, zai dawo.

Da yamma Baba ya ɗauko abeng. Ƙahon saniya ne mai huda a gefe inda ake busawa, da wata a tsini inda ake dannawa da babban yatsa don sauya sauti. Da ya busa, muka ji amon ya faɗa rami ya dawo, ya sake faɗawa wani. Wannan ita ce wayarsu a lokacin yaƙi. Mai gadi a kan tudu yana hango sojoji tun suna nesa, ya busa, na gaba ya karɓa, kafin a jima kowa ya san ta ina suke tafe. Mayaƙan su naɗe jikinsu da ganye da kurangar daji su tsaya cik a bakin matsatsiyar hanya, inda dole sojoji su bi ɗaya bayan ɗaya, sanye da jajayen riguna da ake hangowa daga ko'ina. Har yau ana busa abeng idan za a yi taro ko an yi rasuwa.

Daga nan ya kai mu gindin wata tsohuwar bishiyar mangwaro da suke kira Kinda, kalmar da suka ce tana nufin dangi ɗaya. A nan, in ji su, Kojo yake tara mutanensa, waɗanda suka fito daga ƙabilu daban-daban, a yi shawara. A nan kuma ake fara kiɗa da rawa ranar biki, kafin 'yan asalin ƙauyen su wuce tsohon garinsu inda kakanni suke kwance. Can baƙo ba ya bi. Ya ba mu labarin Nani, macen da ta jagoranci Marun na gabashin tsibirin, wadda ita kaɗai ce mace a cikin gwaraza bakwai da Jamaika ta karrama a matsayin jaruman ƙasa.

Washegari da sassafe muka bi shi zuwa wani kogon dutse da suke kira Kogon Sulhu, tafiyar kusan awa guda a ƙasa, ga santsi ga duwatsu masu kaifi. A tarihin da suka gada daga bakin iyaye, a nan aka ƙulla alkawari, aka haɗa jinin ɓangarorin biyu aka sha don kada wani ya saɓa. A bakin kogon muka zauna, Malam ya fito da kwafin yarjejeniyar da ya zo da shi, ya ce mu karanta ta duka, sharaɗi 15, bi da bi.

Farkonta daɗi ne. An daina yaƙi har abada. Kojo da mutanensa 'yantattu ne. An ba su fili eka 1,500. Za su noma kofi da koko da citta da taba da auduga, su yi kiwo, su kai kasuwa su sayar. Kojo zai yi wa mutanensa shari'a, ban da hukuncin kisa. Da muka yi nisa sai murya ta fara sauyawa. Za su sare hanyoyi daga garuruwansu zuwa na Turawa. Turawa biyu za su zauna a cikinsu. Za su taimaka a murƙushe duk wasu 'yan tawaye a tsibirin. Wata 'yar ajinmu ce sharaɗi na tara ya faɗo wa, ta karanta ta tsaya: duk bawan da ya gudu daga yanzu ya faɗo hannunsu, za su mayar da shi, a biya su ladan wahalarsu.

Kuma an yi aiki da sharuɗɗan nan. A 1760 wani bawa ɗan Akan mai suna Takyi ya jagoranci babban tawaye, Marun suka shiga farautarsa, kuma ɗan Marun ne ya harbe shi. A ƙarshen 1831 dubun dubatar bayi sun tashi a yammacin tsibirin ƙarƙashin Sam Shap, mutanen Akompon suka tsaya a ɓangaren gwamnati. An rataye Shap a 1832, amma tawayensa yana cikin abubuwan da suka gaggauta soke bauta a 1834 da cikakken 'yanci a 1838. Malam ya zaro sabuwar takardar dala 500 ta Jamaika ya miƙa mana. Hoto biyu ne a kai, Nani da Sam Shap, kafaɗa da kafaɗa.

'Yar ajin tamu ta juya wurin dattijon. Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri da tambayata. Yaya mutumin da ya san zafin bulala zai kama ɗan'uwansa ya mayar da shi wurin mai bulala?"

Bai ɓata rai ba, da alama ba mu muka fara yi masa ita ba. Ya ce mu tuna mutanen Kojo 'yan ɗaruruwa ne, har da mata da yara da tsofaffi. An ƙone musu gonaki, an sako musu karnuka, an ɗauko mafarauta daga wata ƙasa don bin sawunsu. Ingila tana iya kawo sabbin sojoji kowace shekara, su kuwa duk wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. Ya ce bai ce abin da aka yi mai kyau ne ba, kuma akwai 'yan Jamaika da har yau ba su yafe ba, yana jin su a kasuwa. Sannan ya ce mu dubi abin da ya sami garin Kojo kansa, wanda Turawa suka raɗa wa sunan gwamnansu, Tirelawni.

Labarin ya tabbata a littattafai. A 1795 aka yi wa Marun biyu bulala a bainar jama'a a garin Montego Be bisa zargin satar alade. Mutanen Tirelawni suka ɗauki makamai. Sun yi watanni suna riƙe da sojoji da suka ninka su sau da yawa, har gwamnati ta sa aka kawo karnukan farauta kusan ɗari daga Kyuba. Suka ajiye makamai bisa alkawarin ba za a fitar da su daga tsibirin ba. Aka saɓa. A 1796 aka loda kusan mutum 600 a jirgi zuwa Noba Sikoshiya a Kanada, ƙasar ƙanƙara, sannan a 1800 aka kai su Firitawun a Saliyo, inda cocin da suka gina yake tsaye har yau. Akompon bai goya musu baya ba, ya tsaya da gwamnati. Shi ya sa Akompon yake nan muka zo muka gani, garin Kojo kuwa ya watse. Gaba kura, baya sayaki.

Muna cikin juya wannan sai Baba ya ce shi ma yana da tambaya, tunda ga 'yan Afirka Allah ya kawo masa har gida. Ya ce, "Turawa a bakin teku suke tsayawa da jiragensu. Wa yake tafiya da mutane daga cikin ƙasa ya kai musu?"

Malam ne ya amsa. Ya ce, "Yallaɓai, mutanenmu ne." Ya juyo gare mu ya ce mu tuna sunan bishiyar jiya. Fatake suna kiranta gwanja kusa ne domin ganinta alama ce ta cewa ayari ya kusa ƙasar Gwanja, inda kasuwar Salaga take, a arewacin Gana ta yau. Daga Kano da Katsina ake zuwa can sayen goro a ƙarni na 18 da na 19, ana kai kanwa da tufafi da fatu. A wannan kasuwa ana sayar da mutane, kuma akwai ayarin da ke zuwa da su. Wasu a ƙasar Asante suke ƙarewa, wasu a gangara da su bakin teku. Hausawa ma an sayar da su, da yawa sun ƙare a Bahiya ta ƙasar Burazil. Ya ƙara da cewa a Arewacin Nijeriya ba a soke bauta gaba ɗaya a doka ba sai 1936, kusan shekara ɗari bayan Jamaika. Baba ya gyaɗa kai, ya miƙa wa Malam hannu. Muka taso, ba wanda ya yi magana har muka yi rabin hanya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Yarjejeniyar nan ba a ɗakin kayan tarihi kawai take ba. A Akompon ƙasa ta al'umma ce, ba a sayar wa baƙo, ba sa kuma biyan harajin fili. Suna zaɓen shugabansu duk shekara biyar, suna kiransa Kanar, yana da majalisarsa. Tun da Jamaika ta sami 'yancin kai a 1962 ake ja-in-ja: su suna cewa alkawarin 1739 yana nan daram, gwamnati tana cewa ƙasa ɗaya ce, hukuma ɗaya. Abin da ya ƙara wa gardamar zafi shi ne jar ƙasar da ke kewayen Kokfit tana ɗauke da bokzait, ma'adinin da ake fitar da alminiyom daga cikinsa. Kamfanoni suna so, ƙasa tana buƙatar kuɗi, manyan kogunan yammacin Jamaika kuma daga ƙarƙashin waɗannan duwatsu suke ɓuɓɓugowa. Gwamnati ta shata wani yanki ta ce ba za a haƙa ba, amma mutanen ƙauyen da masu kare muhalli suna cewa iyakar ta yi ƙanƙanta. Matasan da muka zanta da su suna da wata damuwar: ba aiki sai noma da rakiyar baƙi, don haka da yawa sun tafi Montego Be da Kinston da Ingila da Amurka, sai ranar biki ake ganinsu.

A motar dawowa mun rabu gida biyu. Wasunmu suka ce shugaba amanar mutanensa aka ɗora masa, kuma Kojo ya fitar da nasa daga kangi a lokacin da bauta take da sauran ƙarni guda, ya bar musu ƙasar da suke ci har yau. Wasu suka ce 'yancin da aka biya kuɗinsa da wuyan wani akwai tabo a jikinsa, kuma bawan da ya yi kwanaki yana ratsa daji ya iso wurin masu kama da shi suka ɗaure shi, shi ma yana da hakkin a ba da labarinsa. Abin da duk muka yarda da shi guda ne: da mun tsaya a sharaɗi na biyar, da mun dawo da labari mai daɗi wanda rabinsa ne kawai.

Don haka ga aiki, ƙannenmu. Ku kai wannan batu ƙungiyar muhawara ta makarantarku: Kojo ya yi daidai da ya karɓi sharaɗi na tara, ko bai yi ba? Kowane ɓangare ya kawo hujja da shekara da suna, ba ihu ba. Kafin ranar muhawarar, ku zauna da kaka ko wani dattijo a unguwa ku tambaye shi yadda aka kafa garinku, su wa suka fara zama, su wa suka yi noman gandu, kuma daga ina aka kawo su. Idan ya yi shiru a wani wuri, ku yi haƙuri ku sake tambaya cikin ladabi. Ku rubuta abin da kuka ji, da yadda muhawararku ta kaya, ku aiko wa wannan shafi. Mu takwas ɗin nan za mu karanta, domin huɗu da huɗu muke har yanzu.